Fankar Ɗakin Malam

Rakiya, gyara zama ki rubuta, kuma yadda na faɗa za ki rubuta, kada ki gyara mini magana don ki rufa mini asiri. A baya na ba ku labarin zuwana Wagadugu da aurena da haihuwarku. Wannan kuwa labarin shekarar da mahaifinku ya rasu ne. Na fi son ya isa kunnen ɗan uwanki Habibu a Kano, domin shi rabin farko kawai ya ji ta waya, kuma har yau da wannan rabin yake kallon wansa Abba. Jikokina ma su ji, don in sun girma wani a Zango ya ce musu Abba ne ya kashe injin kakansu, su san abin da za su amsa. Ba shi ba ne. Ni ce.

Sunan mahaifinku ba ya fita daga bakina, duk Zango dai Malam mai rediyo suke ce masa. Da gyaran rediyo ya fara tun ina amarya, sai telebijin, da zamani ya juya ya koma gyaran odinatar, wato kwamfuta, alhali bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, makarantar allo kawai ya yi. Ɗakin aikinsa shi ne wanda ke jikin zaure, mai taga ɗaya da ke kallon titi. Bayan rasuwar autarmu Hadiza ne abin injin ya fara. Ciwon daji ya ɗauke ta tana tsakiyar ƙuruciyarta. Ni na yi kukana a fili, har yau ina yi, amma shi Malam nasa ya tsaya masa a ƙirji. Sai ya zauna a ɗakin nan da ƙarfen narka dalma a hannu, ƙarfen ya huce bai sani ba. Wata uku ban ji dariyarsa ba. Ana nan wani malamin jami'a ya kawo masa gyara, suka daɗe suna magana. Ranar da na kai masa tuwon rana sai na tarar ya zazzage wani tsohon akwatin odinatar yana ta haɗe-haɗe.

"Talatu, kin san yadda ake saukar Alƙur'ani ranar sadaka?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Malam? Ni da nake dafa wa masu saukar abinci?"

"To mutum ɗaya ne yake karance shi duka?"

"A'a, rabawa ake yi, kowa da izunsa."

"To haka wannan yake. Akwai masu bincike can nesa, suna neman gane yadda irin ciwon Hadiza yake kama jiki. Lissafin ya fi ƙarfin injinsu, sai suka yanyanka shi suna raba wa duniya. Duk mai inji ya karɓi izunsa, ya yi, ya mayar, a ba shi wani."

"Su san ma kana nan?"

"Ba sai sun sani ba. Allah ya sani."

Abin da ke yin lissafin a cikin injin wani abu ne mai tsawo kamar murfin akwatin ƙarfe, da 'yar fankarsa a jiki. Kart grafik ku kuke ce masa, ni kati nake cewa. An yi shi ne don wasannin da samari ke bugawa a gaban gilashin odinatar, amma Malam ya ce ba abin da ya kai shi saurin lissafi. Guda biyu ya samo, tsofaffi, a wurin wani mai ɗakin wasanni a unguwar Bilbalogo, ya sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a cikin akwatin. Da yake tsofaffi ne, sai ya ga suna daɗewa kafin su gama izu ɗaya, shi kuwa zuciyarsa gaggawa take yi, kamar in ya yi sauri zai riski wata Hadizar kafin ta tafi. Sai ya koyi yadda ake ƙara musu gudu fiye da yadda masu ƙera su suka tsara. Rakiya ta ce obaklok ake cewa. Yakan ƙara lamba kaɗan, ya jira, ya ƙara kaɗan, ya jira. Duk ƙarin da ya yi kuwa sai katin ya ƙara zafi, fankokin su ƙara kuka, har daga madafa ina jin su. Wata rana na same shi ya yi tagumi, gilashin ya yi zane-zane kore kamar atamfar da ta zuba.

"Lafiya, Malam?"

"An dawo mini da izuna. Sun gwada da na wani, nawa bai yi daidai ba. Na matsa wa katin sama da yawa, yana gudu yana tsallake lissafi."

"Ashe Malam Gambo ka ajiye mana a ɗaki."

Kun san Malam Gambo na bayan masallaci, wanda in ana sauka shi ke fara gamawa ya kama kallon kwanon masa, mata a cikin gida suna cewa rabin ayoyin a maƙogwaro ya haɗiye su. Malam ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Dariyarsa ta farko ke nan tun bayan Hadiza. Daga ranar katin sama ya zama Malam Gambo, na ƙasa kuwa, da yake a hankali yake tafiya ba ya kuskure, muka sa masa Liman. Tsaya, Rakiya, bari in share fuskata. To, ci gaba.

Daga nan ya kama hanyar da ya bi har ƙarshensa. Ya cire murfin gefen akwatin ya bar shi a buɗe. Ya sa babbar fankar tsaye a gabansa tana hura masa iska ba dare ba rana. Ya sami ɗan littafi yana rubuta lambobinsa da ajami. In yana son ya san ko zafin ya yi yawa, ba ya yarda da abin da gilashi ya nuna shi kaɗai, sai ya ɗora yatsa a bayan ƙarfen katin ya karanta Ƙulhuwallahu. In ya kai ƙarshe yatsan na nan, lafiya lau. In ya janye kafin ya gama, sai ya rage gudun. Kusan shekara huɗu yana haka. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ya zauna yana jira kamar mai jiran baƙo, in an kawo ya tayar da injin kafin ya nemi ruwan sha. Rakiya, da yake aikinta na ofis a unguwar Waga 2000 na odinatar ne, ita ce abokiyar hirarsa. Abba kuwa, mai shagon atamfa, bai taɓa son abin ba. Ba mugunta ba ce. Ɗakin ne in bazara ta shigo yake zama kamar gidan burodi, ga Malam da hawan jini.

"Baba, ɗakin nan zai kwantar da kai. Likita ya ce ka guji zafi."

"Likitan ya taɓa zama a ɗakin?"

"Wallahi duk ranar da na sami hali sai na zare wayar injin nan."

"Ranar da ka zare, ka nemi wani uban a kasuwa, ai ana kawo su daga Kano."

Da wasa suke yi, amma a gaban mutane Abba ya sha faɗin haka, kuma maganar ta zauna a kunnuwa.

A tsakiyar bazara abin ya same shi, da hantsi, yana fitowa daga ɗakin. Gefensa ɗaya ya saki. Muka sa shi a taksi, ni da Abba da Rakiya, kansa a cinyata. Bakinsa ya karkace, amma na ji abin da ya ce, su ma sun ji.

"Talatu, kada a kashe injin. Na karɓi aikin mutane."

"Ba za a kashe ba, Malam. Na ɗauka."

Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Kwana uku ya yi a asibiti bai sake magana ba, Allah ya karɓi abinsa. Shekara arba'in da wani abu muna tare, abin da ya bar mini a hannu shi ne wannan amanar, ba gida ba, ba shago ba.

Washegarin jana'iza gida ya cika. Gwaggonku Ladi, yayar Malam, ta ce mini yadda aka saba za a yi, a tattara kayan mamaci a lulluɓe, a kulle ɗakin har ranar rabon gado. Na ce ni zan yi da hannuna. Na shiga da hantsi ni kaɗai. Na rufe rediyoyin mutane da zannuwa, na rufe kayan aikinsa, na ja taga na sa sakata. Saura injin. Yana nan yana kukansa, fitilunsa suna ƙyalli, kujerarsa a gabansa, takalmansa a ƙarƙashi. Zan faɗi gaskiya, ba don al'ada kawai na rufe shi ba. Kukan ne na kasa jurewa. Shekara huɗu in na ji wannan ƙarar na san Malam yana ciki, yanzu ga ƙarar ga ba shi. Na ɗauko jan bargonsa mai geza, wanda yake rufa da shi lokacin sanyi, na lulluɓe akwatin duka har ƙasa, ƙarar ta ragu. A raina na ce ai ban kashe ba, rufewa kawai na yi. Zan fita sai na ga fankar tsaye tana ta juyawa. Ni tun da aka kawo kuran Zango abin da na sani shi ne fanka ta mutum ce, ba a barin ta a ɗakin da ba kowa. Ku ma sau nawa na yi muku faɗa a kan haka? Hannuna ne ya je da kansa ya murɗa ta. Na ja ƙofa na kulle.

Bayan la'asar ina zaune cikin mata ana ta zuwa gaisuwa, sai na ji wani abu ya canza a gidan, na rasa mene ne. Can na gane shiru ne. Na ce zan kewaya, na bi ta zaure na buɗe ɗakin. Zafin da ya doke ni a fuska ban taɓa jin irinsa ba, ga wani ƙauri kamar an ƙona roba. Bargon ya yi zafi kamar an goge shi da dutsen guga. Na ja shi, gefe ɗaya ya maƙale, na fizga har geza ta yage. Injin ya yi tsit, ba fitila ko ɗaya. Na tsaya ina salati. Kwana ɗaya da binne shi na ci amanarsa. Na ninke bargon na sa a cikin mayafina, na kai shi ƙarƙashin gadona, na koma na zauna cikin mata. Kukan da na yi ranar kowa ya ce na miji ne. Na miji ne, amma har da na abin da hannuna ya yi.

Ranar sadakar uku da safe Abba ya karɓi makulli a wurina ya ɗebo tabarmin da ke ɗakin. Da rana Rakiya ta ce bari ta duba injin Baba. Ta danna, fitila ta kawo, gilashi ya ƙi nuna komai. Ta tambayi wanda ya shiga, aka ce Abba. Ke ma rubuta naki, Rakiya, kada ki tsallake. A tsakar gida ta tare shi, a gaban baƙi, har da 'yan uwanmu na unguwar Widi.

"Yaya, ka cika alkawarinka ke nan? Kana cikin taksin, da kunnenka ka ji abin da ya ce!"

"Me na yi?"

"Ka zare waya yana cikin aiki, ga shi nan ya mutu. Ko bakwai ba ka iya jira ba?"

"Wallahi tabarmi kawai na ɗauka. Na same shi shiru, na ɗauka ke kika kashe."

"Non, Yaya, kada ka rantse. Duk Zango sun ji ka kana cewa za ka zare."

Abba ya juyo ya dube ni. Ina zaune a bakin ƙofata da carbi. Kalma ɗaya yake jira. Na sunkuyar da kai. Matan da ke wurin suka ce ai ɗan fari ne, uwa ba ta shigar masa a gaban mutane, kunya ce. Na ji suna faɗa, na bar su a haka. A bayan kunyar ɗan fari na ɓuya, alhali tsoro ne ya kama ni, tsoron a ce matar da ya damƙa wa amana ita ce ta farko da ta karya. Rakiya ta kulle ɗakin ta tafi da makullin zuwa gidanta a Widi. A ranar aka buga wa Habibu waya, domin shi bai samu zuwa ba sai daga baya, aka gaya masa yadda kowa ya ɗauka.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon kwanakin da na gani. Ina takaba, ba na fita, ba ni da aikin yi sai tunani. Abba ya daina cin abinci a gidan. Yakan zo da safe ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" ya juya. In ya ji ƙarar moton Rakiya, wato babur ɗinta, ya fita ta baya. A masallaci wasu suka rage sakin fuska da shi. Ni kuma abu biyu ke cin raina. Ɗaya ɗana da nake kallo yana ramewa saboda laifina. Ɗaya kuma izun da ke hannun Malam. Na ɗauka can nesa akwai mutane zaune suna jira, an gama ko'ina saura nasa, kuma saboda ni saukar ba za ta cika ba. Har nakan ce wataƙila a cikin wannan izun maganin yake. In na yi salla na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in ji nauyi, kamar ban cancanta ba. Ana saura kwana biyu arba'in Abba ya shigo har ɗakina, abin da ya daɗe bai yi ba, ya durƙusa daga nesa.

"Inna, in kin fita takaba zan sallama shagon in koma Kano wurin dangin Baba."

"Kano kuma? Me aka yi?"

"Ba zan iya zama a garin da ake nuna ni ana cewa ga wanda ya saɓa wa ubansa yana kan gadon mutuwa ba. Ke ma ba ki ce komai ba, na san kin yarda da su."

Bargon yana ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai. Na ce masa Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ya tashi ya fita.

Ranar arba'in aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka zauna, aka raba izu. Ina jikin katanga daga ciki, mata suna dama zom-kom, ruwan garin gero mai zaƙi, suna zuba masa a kwanuka, ni ina sauraron karatu. Muryar Malam Gambo tana kan gaba kamar kullum. Sai tari ya sarƙe shi. Ya yi ya yi, aka ba shi ruwa, murya ta ƙi dawowa. Sai na ji liman, na gaskiyar, ya ce:

"Wa ya gama nasa? Malam Sule, karɓi na Malam Gambo ka faro daga farko."

Ba wanda ya tashi hankali. Ba wanda ya ce sauka ta ɓaci. Wani ya karɓa, aka ci gaba, aka shafa Fatiha. Sau nawa na ga haka a rayuwata ban taɓa kula ba. Na ce a raina, Malam ya ce mini abin nan kamar sauka ne, to anya masu rabawar ba su san wani zai iya sarƙewa ba? Amma ba mai ba ni amsa sai Rakiya, kuma ba zan iya tambayarta ba sai na faɗi dalili. Da mutane suka watse bayan azahar na aika aka kira mini su biyun. Abba ya zauna a bakin ƙofa, Rakiya a ƙarshen gado, kowa yana kallon wani bangon. Na sunkuya na jawo bargon na ajiye a tsakaninsu.

"Ni na rufe injin da wannan. Ni na kashe fanka, na rufe taga. Tun ranar biyu ya mutu, kafin wanki ya taɓa makulli."

Rakiya ta ɗaga bargon ta ga inda geza ta yage. Ta dube ni, ta dubi wanta, sai ta sa fuskarta cikin bargon ta kama kuka. Abba bai yi kuka ba. Ya dube ni ya ce:

"Inna, kwana talatin da bakwai. Kina kallona."

"Ina kallonka. Ka yafe mini."

Ranar ce na fara kiran sa da sunansa na yanka, sunan kakansa, wanda ban taɓa furtawa ba tun da na haife shi. Da ya ji sai ya kau da kai.

Rakiya ta hau motonta ta je Widi ta ɗauko makulli. Muka shiga mu uku. Ta haska cikin akwatin, ta sa ɗan tsinke ta zaro jan zare da ya nannaɗe a fankar katin sama, ta nuna mana. Gezar ce ta shiga ta tsayar da fankar, katin kuwa da ma an ƙara masa gudu, ga bargo, ga bazara. Malam Gambo ya ƙone. Ta kwance shi ta fitar, ta mayar da wayar gilashin jikin katin ƙasa, ta ce wa wanta ya kunna fankar tsaye. Ta danna. Kukan ya taso a hankali, gilashi ya kawo haske. Liman yana nan da ransa. Na zauna a kujerar Malam.

"Rakiya, izun da ke hannunsa fa? Duba mini. Suna can suna jira?"

Ta daɗe tana karatu a gilashin, sai ta juyo tana dariya da hawaye a fuska.

"Inna, ba wanda ke jira. Kowane aiki da wa'adinsa ake bayarwa. Da wa'adin ya wuce bai dawo ba, sai suka ba wasu. Ga shi nan, an gama duka biyun, na Malam Gambo da na Liman, tun kafin sadakar bakwai."

"Wa ya gama?"

"Ba a san su ba. Ɗaya ma sunan kyanwa ya sa wa kansa."

"Allah ya yi wa mai kyanwar albarka, shi da iyayensa."

Abin da na ji ya sauka daga ƙirjina ban san yadda zan faɗa ba. Kamar macen da ta ɗauko tulu daga nesa aka sauke mata, wuya ya rasa yadda zai tsaya. Rakiya ta ce tana so ta rage wa Liman gudu don kada shi ma ya bi ɗan uwansa, amma ba ta san lambar da Baba ke sa masa ba. Ta ɗauko ɗan littafin ta buɗe, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa. Ita lakwal ta yi, ajami ba ta karanta shi. Ta tsaya da littafin a hannu. Can ta miƙa wa wanta ba tare da ta dube shi ba.

"Yaya, karanta mini. Don Allah."

"Duk Faransancin naki bai kai nan ba?"

"Yaya, na ce don Allah. Kuma ka yafe mini."

Ya karɓa ya zauna a ƙasa kusa da ita, yana karanta lambobi tana bugawa. Shafi na bazara daban, na damina daban, na sanyi daban. A ƙasan shafin bazara ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya karanta abin da mahaifinku ya rubuta: a sauke wa Malam Gambo sosai in zafi ya shigo, Abba ya yi gaskiya, ɗakin ya yi yawa. Bai taɓa gaya masa da baki ba. Abba ya rufe littafin ya fita tsakar gida, muka bar shi. Da ya dawo sai ya ce a fasa bangon baya a ƙara taga, shi zai kawo magini.

Bai koma Kano ba. Shagonsa yana nan, da rana a nan yake cin tuwo. Ba zan ce komai ya koma yadda yake ba. Akwai ranakun da in na yi masa magana nakan ga wani abu ya gifta a idonsa, na san kwanakin nan ne, kuma ba ni da ikon cewa ya manta. Ranar da na fita takaba na bi gidajen matan da suka zauna a tsakar gidana ranar uku, ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu da bakina. Wasu sun ce ai da na bari, abu ya wuce. Na ce ga ku ya wuce, ga ɗana bai wuce ba. Katin da ya ƙone yana cikin adakata tare da hular Malam, jikoki, da Yaaba suke kirana, in sun zo sai su ce, "Yaaba, nuna mana Malam Gambo." Bargon kuwa da shi nake rufa lokacin sanyi, ban ɗinke gezar ba.

Habibu, kai kaɗai ka rage. Da ka zo ka tafi ba ku yi magana da wanka ba, kuma sau biyu na fara gaya maka a waya kana cewa Inna a bar tone-tone. To ga shi a rubuce, ba inda za ka katse ni. In ka gama karantawa ka kira shi, kai za ka fara.

Liman yana nan yana aikinsa a hankali, shi kaɗai, yana karɓar izu yana mayarwa. Ban san ko za a sami maganin ina raye ba. Kullum bayan azahar, lokacin da rana ta fi zafi, ina shiga ɗakin in ɗora yatsa a bayan ƙarfen in karanta Ƙulhuwallahu, ladan ya je wa Malam da Hadiza. In na kai ƙarshe yatsana na nan, sai in ja ƙofa in fito. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe, Rakiya, don duk wanda zai riƙe gidan nan bayana: fankar ɗakin Malam, ko ba kowa a ciki, a bar ta tana juyawa.